Daga New Bell zuwa PK 14: yadda ƙauye ke zama unguwa

  Ga waɗanda shirin makon jiya ya wuce su, ko wuta ta ɗauke ana tsaka da magana, ga abin da muka tattauna a rubuce. Na ƙara wasu bayanan da lokaci bai bari na kawo su a shirin ba.

Asalin maganar saƙo ne daga wani mai sauraronmu, ɗan Maraɗi, mai sayar da kayan masarufi a kasuwar PK 14 a nan Duwala. Ya ce shekararsa shida a wurin. Duk ranar da ya kira gida aka tambaye shi inda yake zaune ya ce PK 14, sai tsohuwarsa ta ce, "Kai kuwa garin naku ba shi da suna ne, sai lamba kamar ɗakin asibiti?" Ya roƙi a taimaka masa da amsa.

Mun yi dariya a ɗakin shiri, amma tambayar Hajiya tana da nauyi. Wurin yana da suna, yana da masu shi, kuma da yawa daga cikinmu da ke barin New Bell muna sayen fili a can ba mu san ko ɗaya ba. Rashin sanin nan yana cin kuɗin mutane, zan ba ku labarin wanda ya ci a gidanmu.

Lamba a kan hanya, suna a ƙarƙashinta

PK, da muke furtawa Pe-Ka, harufan farko ne na kalmomi biyu na Faransanci masu nufin alamar kilomita a kan hanya. Kanawa sun san irinsa, ai akwai Mil Tara a hanyar Katsina. Mutanen Bangi ma suna da PK 5, unguwar Musulmi 'yan kasuwa. Namu na Duwala a jere suke a kan tsohuwar hanyar da ta bi ta Ndokoti ta nufi Bonepupa da Yabasi: PK 8, PK 10, PK 12, PK 14, PK 17, har gaba. Masu aikin hanya ne suka sa lambobin, direbobi da karen mota suka riƙe su, har suka danne sunayen asali.

To, wane ne sunan asalin? Ku saurari sunayen da ke kewaye da hanyar: Logbessou, Logpom, Logbaba, Ndogbong, Ndokoti, Ndogsimbi. A harshen Basa, Log da Ndog suna nuna zuriya ko dangi. Haka Bona yake a harshen Duwala: Bonanjo, Bonapriso, Bonaberi, Bonamusadi, wato mutanen gidan wane. Ke nan kowane suna a cikin waɗannan ƙauye ne na zuriya guda, kamar yadda a ƙasar Hausa za ka ji Gidan Wane ko Tungar Wane. Mahaɗar PK 14 ita ce mashigar Logbessou, ƙasar Basawan Wuri, ɗaya daga cikin masarautun gargajiya shida na Duwala. Sauran biyar su ne Bell, Akwa, Deido, Bele-Bele ta Bonaberi, da Bakoko. Tarihin baka na wurin ya nuna Basa da Bakoko sun riga Duwalawa zama a bakin kogin Wuri, daga baya suka ja ciki suka riƙe noma, Duwalawa suka riƙe ruwa da ciniki da jiragen Turawa.

Yaya rayuwa take a irin wannan ƙauye? Bahaushe in ya ji ƙauye, abin da ke zuwa masa a rai shi ne rumbu da gero da rijiya da inuwar kuka. Nan kurmi ne. Ruwan sama a Duwala yakan haura milimita 3,500 a shekara, ninki uku ko huɗu na abin da Kano ke samu. Ana sare daji a shuka rogo da gwaza, wanda nan ake kira makabo, da agade, ga kwakwar manja da ake samun mai da bammi a jikinta. Mata su jiƙa rogo su daka su naɗe a ganye, shi ne miyondo da bobolo da muke saye yau a bakin titi. Ɗakuna na itace da laka, rufin ganyen tukurwa. Ƙasa ta dangi ce gaba ɗaya. Iyakar gona rafi ne ko wata bishiya da kaka ya dasa, kuma sau da yawa kabarin kakan yana nan kusa da gida. Ku riƙe wannan maganar ta ƙasar dangi, za mu dawo kanta.

New Bell ma daji ce a 1913

Kafin mu ga yadda gari ya isa PK 14, sai mun waiwayi unguwar da yawancinmu muka fito, don waiwaye adon tafiya ne. Yaron da ya tashi yau tsakanin Kasuwar Santiral da Nkololun da babban masallaci zai ɗauka New Bell tun fil azal haka take. Shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, bayan gari ce, fadama da ciyawa.

A ranar 12 ga Yulin 1884 sarakunan Duwala, Bell da Akwa, suka sa hannu a yarjejeniya da 'yan kasuwar Jamus. A cikinta an rubuta cewa gonakin da suke nomawa da filayen da garuruwansu ke kai za su ci gaba da zama nasu da na magadansu. A 1910 hukumar Jamus ta fito da shirin tashin 'yan ƙasa daga bakin kogi, a bar wa Turawa tudun Joss, inda Bonanjo take yau. Za a kai baƙar fata ciki, a bar fili mai faɗin kilomita ɗaya tsakani ba kowa, wai don kada sauro ya ɗauko zazzaɓi daga jikinsu ya kai wa Bature. Wurin da aka ware wa mutanen Bell shi aka kira Sabuwar Bell. Kun ji asalin sunan New Bell.

Sarkin Bell na lokacin, Rudolf Duala Manga Bell, ya yi karatu a Jamus, ya san dokarsu, ya san abin da takardar 1884 ta ƙunsa. Da ita ya yi yaƙi. Ya aika koke majalisar dokokin Jamus, ya tura sakatarensa Ngoso Din can a ɓoye don ya nemi masu goyon baya. Ƙarshenta aka tuhume su da cin amanar ƙasa, aka rataye su biyun ranar 8 ga Agustan 1914. Bai cika wata biyu ba, ranar 27 ga Satumba, sojojin Ingila da Faransa suka karɓe Duwala daga hannun Jamus. Gidan sarautar da mahaifinsa ya gina a 1905, wanda ake kira Pagod, yana nan tsaye a Bonanjo ga mai son gani.

Faransawa da suka gaji mulki ba su mayar da filin ba. Mutanen Bell kuwa zuciyarsu ba ta kwanta da New Bell ba, a cikin shekarun 1920 yawancinsu suka koma unguwar Bali. Filin da suka bari shi ne baƙi suka cika.

Ƙauyen baƙi

Hausawa sun daɗe suna gangarowa kudu ta Adamawa: Ngawundare, Tibati, Banyo, Yoko, har Yawunde, inda suka kafa unguwar da ake kira Birketeri. Haure da roba da goro suke nema, su kawo tufafi da kanwa da kayan fata. Da Jamus ta shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Bonaberi zuwa Nkongsamba a 1911, Faransa kuma ta ƙarasa ta Duwala zuwa Yawunde a 1927, sai hanya ta buɗe har bakin teku. A 1974 jirgin ya kai Ngawundare, shanu da mutane suka riƙa saukowa cikin kwana ɗaya ko biyu a tafiyar da a da ake yin makonni.

Ba mu kaɗai muka zo ba. Bamileke sun zo daga tsaunukan yamma, Basa daga wajen Edeya da Eseka, Ewondo daga Yawunde, ga Yarabawa, ga mutanen Dahome da Togo da Kwango. Kowa ya sauka wajen nasa, shi ya sa har yau sassan New Bell ke ɗauke da sunayen: New Bell Hausa, New Bell Bamileke, New Bell Basa, Mbam-Ewondo, Kwango, Yabasi. Kowane sashe da sarkinsa, hukuma na bi ta hannunsa wajen haraji da ƙirga mutane. A zahiri ƙauyuka ne da yawa aka jera su kafaɗa da kafaɗa.

Zaman namu irin na zango ne, wanda duk Bahaushen da ya taɓa fita ya sani. Baƙo ya sauka gidan maigida, maigida ya ba shi ɗaki da tuwo, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an yi cinikin bashi. Daga nan ne ma mutanen kudu suka samo sunan da suke kiran duk ɗan arewa da shi, magida. Kuma a bakinsu Hausa na nufin duk Musulmi mai doguwar riga, ko Bafillace ne, ko Babarbare, ko Bakotoke. Fawa, dillancin shanu, ɗinki, goro, tsire da nan ake kira soya, kilishi: waɗannan su ne suka riƙe gidaje. Masallaci shi ne majalisa, shi ne kotun sasanci, zauren malam shi ne makaranta. Gidajen na katako ne da ake kira karabot, a manne da juna, lungu ba ya ɗaukar mutum biyu a jere.

Masu sauraronmu na Kano, kun ga abin ya juye? A wajen 1913 Turawan Ingila suka kafa Sabon Gari a Kano don baƙi 'yan kudu. Kusan lokaci guda aka kafa New Bell, mu muka zama baƙin. Haka Sabo ta Ibadan a 1916, haka zangunan Kumasi da Akra. Kowa ɗan gari ne a wani wuri, baƙo a wani.

Kafin shekarun 1950 su ƙare, baƙi sun fi Duwalawa yawa a garinsu, kuma New Bell ta zama tukunyar siyasa. Yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na Satumban 1945 ya ƙare da zubar da jini. An kafa jam'iyyar UPC a Duwala ranar 10 ga Afrilun 1948, tarzomar Mayun 1955 a titunan New Bell ta fi zafi, a Yulin shekarar aka haramta jam'iyyar. Wata huɗu ba su cika ba bayan samun 'yancin kai, ranar 24 ga Afrilun 1960, gobara ta cinye unguwar Kwango, dubban mutane suka kwana a waje. Dattawa na kowane ɓangare ba sa son doguwar magana a kanta, don ta zo a lokacin da gabar ƙabilanci ta yi tsami. Na kawo ta ne don abu ɗaya: gidan katako in ya ƙone, ba rufi kaɗai ke tafiya ba, har takardu da wasiƙu da hotunan da ke cikin akwati.

Yadda gari ya taka zuwa PK 14

Ƙidayar 1976 ta samu mutum kimanin 458,000 a Duwala. Ta 1987 ta samu kimanin 810,000. Ta 2005 ta samu miliyan 1.9. Ninki huɗu ke nan cikin shekara talatin. Yamma kogi ne, kudu fadamar ruwan gishiri da filin jirgin sama, don haka babban nauyin ya faɗa gabas da arewa, kan gonakin Basa.

Masana'antu suka fara zama a yankin Basa, ma'aikata suka bi su. Hukumar MAETUR da aka kafa a 1977 ta yanka filaye a Bonamusadi da Makepe da Kotto da Logpom, masu albashi suka saya. Wanda ba shi da ƙarfin waɗannan sai ya bi tsohuwar hanya, yana ƙara kilomita farashi na raguwa. Sai kuma babur. Bayan zaman dirshan na 1991 da aka rufe garuruwa, da karyewar darajar sefa a Janairun 1994, da durƙushewar kamfanin bas na gwamnati a tsakiyar shekarun 1990, 'yan acaɓa da nan muke kira benskin suka cika gari. Benskin na shiga inda taksi ba ta shiga. Filin da jiya ba mai so saboda laka, yau ya zama wurin da za ka kwana ka zo kasuwa da safe. Jami'ar Duwala, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1993, ta buɗe reshe a PK 17 har da tsangayar koyon aikin likita, ɗalibai suka zo, masu ɗakunan haya da masu abinci suka biyo.

Mu kuma New Bell ta cika ta batse. Gidan da kaka ya gina don mata biyu da 'ya'ya takwas yanzu jikoki arba'in ke da gādo a ciki. Damina ta zo kwata ta shigo ɗaki. Saurayi zai yi aure ba inda zai sa amarya. Sai a ce akwai fili mai sauƙi a PK. Haka aka fara: mutum ɗaya, sai ɗan'uwansa, sai ƙaramin masallaci na kwano, sai mai shayi, sai mahauci. Abin da kakanninmu suka yi a New Bell shi muke maimaitawa, sai dai su sun tarar da filin da masu shi suka ƙi zama, mu kuwa masu wurin suna nan da ransu, da kaburburansu.

Chelsea ma ƙauye ce

A nan bari mu leƙa Ingila kaɗan, don su sun riga mu bin wannan hanyar. Samari masu kallon ƙwallo, Chelsea da Tottenham da Fulham da kuke faɗa a kansu a gidan kallo, duk ƙauyukan manoma ne a bayan Landan kafin gari ya haɗiye su, kamar yadda Kano ta haɗiye Hotoro da Na'ibawa da Dorayi. Abin da ya bambanta shi ne sunayensu na nan a rubuce tun 1086. A shekarar Sarki Wiliyam, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ya aika wakilai su ƙirga masa ƙasar: wa ke riƙe da wane fili, garma nawa, injin niƙa na ruwa nawa, manoma nawa, nawa wurin zai kawo. Haraji yake nema, ba ƙaunar talaka ba. Amma kundin, da ake kira Domesday, ya ambaci wurare sama da 13,000, kuma yana nan a ajiye a gidan adana takardun ƙasar. Daga 1538 kuma aka umarci kowace cocin ƙauye ta riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma, wanda ya yi aure da wanda aka binne. Shi ya sa ƙauyen da bai fi mutum ɗari biyu ba a can za ka tarar yana da ɗan littafin tarihinsa, gida-gida, ƙarni-ƙarni.

Kada ku ɗauka abin ya zo musu da daɗi. Annobar da ta shiga a 1348 ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar. An san wuraren ƙauyuka kimanin 3,000 da suka zama kufai. Wani mai suna Wharram Percy a lardin Yorkshire, wajen shekarar 1500 mai ƙasar ya kori manoman ƙarshe don ya yi kiwon tumaki, saboda ulu ya fi hatsi kuɗi. Daga baya, musamman tsakanin 1750 da 1850, majalisar dokoki ta yi dubban dokoki na killace filayen da ƙauye ke amfani da su tare, makiyaya da dajin itace, aka yanka su aka ba ɗaiɗaikun mutane. Wanda ya iya tabbatar da haƙƙinsa a gaban masu rabo ya samu yanki. Wanda hujjarsa ita ce kakana ma a nan yake kiwon saniyarsa, sau da yawa ya tashi a tutar babu, 'ya'yansa suka tafi Manchester da Birmingham aikin masana'anta. Ranar da ƙasar jama'a ta koma ta takarda, wanda ba ya cikin takardar shi ya yi asara. Mu ma ranar tamu ta zo, tana da kwanan wata.

Dokar 1974, da abin da ya sami kawuna

Ranar 6 ga Yulin 1974 Kamaru ta fitar da dokar filaye da ake aiki da ita har yau. A taƙaice, shaidar mallaka guda ɗaya hukuma ta sani, ita ce titir fonsiye. Filin da ba shi da ita, kuma ba na gwamnati ba, yana cikin abin da ake kira ƙasar al'umma, gwamnati ce mai kula da shi. Dangin da ke zaune ko suke noma wuri tun kafin 5 ga Agustan 1974 suna da damar neman titir a kansa. Kwamiti ne ke zuwa ya duba, supirefe na shugabanta, sarkin ƙauyen da dattawansa biyu na ciki. Dokar ta ce cinikin fili sai a gaban noter, wato jami'in da aka ba izinin rubuta irin wannan ciniki, kuma sayar da filin da ba shi da titir da sunan mai sayarwa ciniki ne ɓatacce.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya fi shekara ashirin yana gashin soya a New Bell. Abin da ya tara a adashi ya ɗauka ya sayi fili can ciki bayan PK 14. Wani matashi ɗan asalin wurin ne ya sayar masa, aka rubuta takarda da hannu, shaidu biyu, aka buga hatimi, aka yi fatiha. Ya zuba harsashi, gini ya kai taga. Rana ɗaya ya je ya tarar da jan fenti a bango da wani mutum riƙe da titir. Ashe filin na gidan su matashin ne gaba ɗaya, baffansa ya riga ya yi titir da sunan magada, ya yanka ya sayar ta hannun noter. Shi matashin a ganinsa rabonsa na gonar kaka ya sayar. Kawu ya yi zarya har takalminsa ya ƙare. Abin da ya tsira da shi bulo ne da ya kwashe a kura. Ranar da ya dawo ya zauna a tabarmar mahaifiyata ya ce, "Yaya, da na tambayi ko gonar wa ce tun farko." Yau yana haya a ɗakin da ya so ya bari.

Kun ga inda tarihin ƙauye ya shigo aljihu. Da ya san ƙasar dangi ce, da ya san sa hannun mutum ɗaya ba ya isa. Don haka mai niyyar saye, ga abin da masana dokar ke maimaitawa. Ka nemi lambar titir, ka je ofishin adana takardun filaye ka karɓi shaidar da ke nuna sunan mai shi a yau, da ko akwai jingina ko shari'a a kai. Ka ɗauki mai awon fili da hukuma ta yarda da shi ya tabbatar wurin da aka nuna maka yana cikin titir ɗin. In na magada ne, ka tabbatar duk wanda ya kamata ya yarda ya yarda. Kuɗi a gaban noter, a yanka maka naka titir da sunanka. Takardar da ake cewa wane ya sauka daga haƙƙinsa na gargajiya ba titir ba ce. 'Yan'uwanmu 'yan Najeriya da Nijar da Chadi, ku akwai ƙarin sharaɗi: cinikinku na buƙatar amincewar ma'aikatar filaye, ku tambayi noter tun kafin ku ba da kafin alƙalami. Kuma ku je ku gaida sarkin ƙauyen da dattawansa. Gaisuwa ba ta zama takarda, amma a can za ka ji wace gona ce ake rigima a kanta tun zamanin kakanni, wane kwari ne ruwa ke cikawa a Agusta.

Wani zai ce duk wannan tsada ne. Gaskiya ne, akwai tsada, akwai jeka-ka-dawo. Amma kawu ya biya wadda ta fi. Kuma rubuta ciniki ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take.

Namu kundin fa?

Saura abu ɗaya. New Bell ta haura shekara ɗari, amma in ka tambayi saurayi wa ya fara gina masallacin layinsu, ko daga wane gari kakan kakansa ya taso, Kano ne ko Katsina ko Bauci, sai ya ce sai dai a tambayi Baba. Baban kuwa kullum ana rage su. Abin da aka rubuta a kanmu yawanci rahoton jami'an mulkin mallaka ne da binciken masana na waje, da Faransanci ko Ingilishi. Alhali muna da gādon yin abin da kanmu. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna Salaga da Kete-Krachi a ƙasar Gana ta yau ya rasu a 1934, a zango yake zaune, baƙo kamarmu, kuma ya rubuta tarihin garuruwa da al'adu da ajami, ana karanta su har yanzu.

Yau ko tawada ba ka buƙata. Wayar da ke hannunka tana ɗaukar murya. Ka zauna da kaka bayan la'asar ka tambaye ta: wa ya fara zuwa, a gidan wa ya sauka, da me ya fara sana'a, filin gidan nan daga hannun wa aka karɓa, akwai takarda, tana ina? Ka ɗauki hoton duk takardar da ke cikin akwati, ko ta ajami ce ko rasit ɗin haraji, ka aika wa 'yan'uwa biyu su ajiye. Limamanmu na sababbin masallatan PK, littafi ɗaya na ɗaurin aure da suna da jana'iza ba zai fi kuɗin buhun siminti ba, kuma jikokinmu za su gode. Mazauna PK 14 kuma, in kuna da maƙwabci dattijo Ba-Basa, ku tambaye shi sunan rafin da ke bayan gidanku da abin da ake nomawa a inda kasuwa take yanzu. Zai ji daɗi an tambaye shi, zaman ma zai fi daɗi.

Ɗan'uwanmu na Maraɗi, in ka kira gida ka gaida mana Hajiya, ka ce mata wurin yana da suna, kana mashigar Logbessou ne a ƙasar Basa, lambar ta masu hanya ce. Duk wanda ya ɗauki muryar dattijo ko dattijuwa a kan tarihin unguwarsu, a New Bell ne ko Birketeri ko wani zango a ko'ina, ya turo mana ta lambar shirin da kuka saba, tare da izinin mai maganar. Za mu sa waɗanda suka samu a shirye-shirye masu zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.